Kwamanda Barmo da Roƙo na Uku

A duk faɗin Adar, daga duwatsun Keita har fadamun Madawa, ba a taɓa haifar mutum mai tawali'u kamar Kwamanda Barmo na Allakaye ba. Ba sai ka tambayi kowa ba. Shi da kansa zai gaya maka, sau biyu, kafin ku gama gaisawa.

Matuƙin jirgin sama ne. Shekara goma sha bakwai ya yi yana aiki da Kamfanin Shamuwa, wani ɗan kamfani da ke da buro, wato ofis, a Yamai da tsofaffin jirage uku masu farfela bibbiyu. Wanda yake tuƙawa ana ce masa Mai Tari, don ba ya tashi sai ya yi tari kamar tsohon da ya shaƙi garin taba. Kwamanda ba ya son wannan suna. Shi "jirgina" yake cewa, da irin muryar da wani zai ce "gonar ubana".

Galo huɗu, wato igiyoyin muƙami, gare shi a kowace kafaɗa. Yana da hula mai baki, da baƙin tabarau wanda ba ya cirewa sai wajen alwala, nan ma ɗagawa yake yi. Duk lokacin da aka tura shi daga Tawa zuwa Maraɗi sai ya karkata hanya ya bi ta kan Allakaye, ya sauko ƙasa-ƙasa ya yi kewaye ɗaya, don kada danginsa su ce ya wuce bai gaishe su ba. Awaki su watse, jakai su tsinke igiya, kaji su daina ƙwai kwana uku. Wannan duk zumunci ne.

Amma abin da ya fi so a duniya ba jirgi ba ne. Wata takarda ce da ke liƙe a bangon buro. A jikinta aka jera sunayen matuƙan kamfanin su tara, bisa daɗewarsu a aiki. Wanda ke sama shi ke fara zaɓen jirgin da zai tuƙa, da garin da zai zauna, da watan hutunsa. Sauran su ɗauki abin da ya bari. Sunan Barmo ne a sama. Kowace safiya sai ya tsaya gaban takardar nan ya karanta ta tun daga farko, ko da yake bai taɓa wuce layin farko ba. Saboda haka ma'aikata suka sa masa Lamba Ɗaya. Wannan sunan kam bai taɓa hana kowa faɗa ba.

A shekarar 1978 kamfani ya yi shawarar sayen sabon jirgi, dogo, marar farfela, wanda zai riƙa zuwa ƙasashen waje, har Jidda lokacin aikin hajji. Tsofaffin kuwa za a sayar da biyu, na ukun, Mai Tari, a kai shi wani filin ƙasa da ke bayan Madawa, ya riƙa ɗaukar wasiƙu da albasa, in tsuntsayen jan-baki sun sauka kan gero ya yi feshi.

Daraktan kamfanin wani anasara ne da ya shekara biyu a ƙasar, ya kuma tabbata ya gama fahimtar mutanenta. Ya kira Lamba Ɗaya kafin kowa, kamar yadda doka ta ce. Ya bayyana masa komai dalla-dalla. Wanda zai tuƙa sabon jirgi sai ya tafi koyo wata shida a Turai. Sabon jirgi sabon jeri gare shi: wanda ya fara zuwa koyon shi ne zai hau sama, wanda ya zo daga baya ya bi baya, ko shekararsa nawa a kamfani. Kujerar hagu, wadda a jirgi ita ce ta babba, da zama a Yamai, duk na wanda ya fara ne.

"Kai ne na farko, Kwamanda," in ji Darakta. "Kana so?"

Barmo ya hango kansa yana saukowa daga matakala a Jidda, iska tana kaɗa masa riga. Bakinsa har ya buɗe zai ce i. Sai ya tuna ko shi wane ne, da gidan da ya fito.

Yana ɗan shekara tara aka naɗa kawunsa maigari. Ya ga yadda aka yi da idonsa. Dattawa suka zo suka ce an ba shi gari, ya ce Allah ya kiyashe shi, a ba wani. Suka koma suka dawo, ya ce shi bai isa ba. Ran na uku da ya hango su tafe sai ya ruga ya faɗa cikin rumbu ya ɓuya, sai da aka jawo shi ta ƙafa yana kuka, aka ɗaura masa rawani da ƙaiƙayi a gemu. Shekara talatin ana ba da labarin nan ana cewa, ka ga ɗan halak. Tun ranar Barmo ya san cewa ƙaramin mutum ke karɓa da an miƙa. Babba sai an roƙe shi sau uku.

Saboda haka ya sunkuyar da kai, ya yi murmushin tawali'u.

"Haba, Darakta. Mu mun ci zamaninmu. A ba yara."

Darakta ya ɗaga gira. "Ka tabbata? Ka yi tunani da kyau. Wannan dama ba ta dawowa."

Biyu ke nan, in ji Barmo a ransa. Anasaran nan ashe ya san ta kan mutane.

"Ni ban cancanta ba," ya ce, yana dafe ƙirji. "Ni da tsohon jirgina mun saba. Duk inda aka aje mu, mun gode Allah."

Darakta ya miƙa masa wata takarda mai layuka. Ya ce tunda Barmo za shi hutun wata guda, ya tafi da ita. In ya sake shawara ya cika ya aiko, ko ya buga waya daga gidan waya, kafin ran goma sha biyar ga wata. Bayan nan za a ba na biyu.

Barmo ya fito buro yana jin kamar ba ƙasa yake takawa ba. Ran goma sha biyar! Wato lokacin da suke bukata ke nan su haɗa tawaga, su sayi goro, su nemi mota. Roƙo na uku ai ba a yin sa a buro. Gida ake bin mutum.

Ya iso Allakaye ana cikin kaka, da kakinsa guda uku a goge. Da la'asar aka shimfiɗa masa tabarma gindin bagaruwar ƙofar gida, mutane suka taru. Ya zaro takardar daga aljihu ya ɗaga ta sama don kowa ya ga babu ko ɗigon tawada a jikinta.

"Jama'a, kun ga wannan? Jirgi ne sukutum a cikinta. Jirgin da in ya tashi Yamai da hantsi, a Makka zai yi azahar. An ce in karɓa, na ce a'a. An sake cewa in karɓa, na ce a'a. Ni ba mai kwaɗayin girma ba ne. Girma ke bi na, ina gudu. Yaro ke cika takarda. Babba, takarda ke zuwa ta durƙusa gabansa."

Aka yi ta jinjina. Mutum ɗaya ne bai jinjina ba, Gado, ɗan gwaggonsa, taubashinsa, manomin albasa wanda tun suna yara ba ya barin Barmo ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali.

"To, Direban Mai Tari," in ji Gado, "ni tambaya ɗaya gare ni. Shi anasaran, wa yag gaya mishi sau ukku aka yi?"

"Kai dai albasa ka sani."

"Ita na sani. Kuma in mai saye ya taya sau biyu na ƙiya, ban taɓa ganin ya biyo ni gida da goro ba. Rumfar gaba yaka tahiya."

"Ni ba albasa ba ne. Ni ne Lamba Ɗaya. In babu ni, wa za su ba? Alƙasim? Yaron da ni na koya masa yadda ake ɗaura ɗamara a kujera?"

Alƙasim shi ne na biyu a jerin, mutumin Tabotaki, ya shekara shida yana zama kujerar dama kusa da Barmo yana cewa to, Kwamanda.

Aka shiga shiri. Kwamanda ya sa aka share ƙofar gida, aka aro tabarmi daga maƙwabta, aka ɗaure rago a gindin turke ana ba shi dusa. Ya tsara jawabin ƙi na uku, wanda a ƙarshensa za a ci ƙarfinsa ya karɓa don darajar iyaye. Yana bitarsa a bayan gida, har da wurin da murya za ta yi rawa. Kullum da hantsi ya hau dutsen da ke gabas da gari ya tsaya yana duban hanyar Buza, wadda motocin Yamai ke biyowa. In an tambaye shi sai ya ce yana auna iska ne, aikin matuƙi ba ya hutu.

Mahaifiyarsa Iya, tsohuwa mai ƙarancin magana, ta dube shi rannan yana goge takalmi ta ce, "Barmo, kana son jirgin ga ko ba ka so?"

"Iya, ba a tambayar babba haka."

"Ni na haihe ka. Kana so?"

Ya ci gaba da goge takalmin da ya riga ya goge.

"In kana so ka ce kana so," in ji ta. "Kawunka da kaka koyi da shi, sai da yat tabbata ba a ba kowa in ba shi ba, kana yas shiga rumbu."

Ran tara ga wata, yana kan dutse, ya hango ƙura. Landiroba ce fara, tana tafe tana tsalle kan duwatsu. Ya sauko a guje, abin da ba a taɓa ganin galo huɗu sun yi ba. Ya faɗa ɗaki ya sa kaki mafi sabunta, ya gyara hula, ya fito tsakar gida. Nan ne wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ke zuwa wa manyan mutane kaɗai. Me zai sa ya tsaya kan jawabi, alhali akwai abin da ya fi jawabi? Ya jingina tsani jikin babban rumbun gidan, ya hau, ya ɗaga murfin, ya zura ƙafafu, ya sulale ciki. Ya ce wa Iya in sun zo kada a nuna musu wurin da wuri. A bar su su ɗan wahala.

Ya zauna kan damman gero yana saurare. Ya ji motar ta tsaya. Ya ji hayaniya. Ya ji shanu suna kuka, ya ce lalle har da sa suka zo. Rana ta take. Rumbun laka ya ɗau zafi kamar tanda, ƙaiƙayi ya shiga wuyan riga, ya gangara baya, ya kai inda galo ba ya kaiwa. Kwamanda ya daure. Girma ba ya samuwa a inuwa. Azahar ta yi, ta wuce. Ya soma tunanin ko sun wahala haka nan ya isa.

Wajen la'asar murfi ya ɗaga, haske ya shigo, ga kan Gado.

"Sun matsa ƙwarai?" in ji Barmo, da murya a shaƙe.

"Sun matsa. Saniya ko ɗaya ba su bari ba."

"Wace saniya?"

"Masu allurar shanu na. Sun gama, sun wuce Tabotaki. Iya ta ce in ka ƙare, ka miƙo dame ɗaya, ana son a yi daka."

Ya fito fari fat, yana susa da hannu biyu. Ya gaya wa waɗanda suka taru cewa ya shiga ne ya duba ko gero ya yi ƙwari, don a Turai haka masana ke yi. Kowa ya ce Allah ya saka. Ba wanda ya yi dariya sai da ya shiga wanka.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Rago ya yi ƙiba, Kwamanda ya rame. Ran goma sha biyar ta zo, hanyar Buza shiru. A ranar akwai wata babbar mota da ta kwaso buhunan wake za ta Buza, inda gidan waya yake. Kalma ɗaya ta isa. Barmo ya daɗe zaune bakin gado da takardar a hannu. Ya tuna matakalar Jidda. Ya tuna filin bayan Madawa, inda ya taɓa sauka sau ɗaya sai da aka kori raƙuma. Ya tashi, ya soke alƙalami a aljihu, ya fita ta ƙofar baya.

Har ya sa ƙafa ɗaya a matakin motar, direba ya matsa masa wuri. Sai ga Rabo maroƙi ya ɓullo daga bayan buhuna, ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji.

"Gaba dai, Lamba Ɗaya! Na Iya wanda ba ya roƙo! An ba ka ka ƙiya, an ƙara ka ƙiya! Wasu na bin girma da gudu, kai girma ka bi! Ina za ka, toron giwa?"

Mutanen tasha duk suka juyo. Barmo ya dubi ƙafarsa da ke kan mataki kamar ta wani ce. A hankali ya sauke ta. Ya zagaya motar, ya ɗan buga taya da takalmi, ya ce wa direba iskar ta baya ta yi kaɗan, ya kula. Mota ta tashi. Ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, amma Rabo ya ce rawanin ya yi masa kyau.

Bayan kwana uku, da hantsi, wata Landiroba ta shigo gari. Wannan karon da hoton shamuwa a ƙofarta.

Gari ya ɗauka. Aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka zauna, aka kwanto rago aka kai bayan gida. Kwamanda bai koma rumbu ba, ya riga ya ba rumbu haƙƙinsa. Ya zauna kan kujera a tsakiya, ya gyara tabarau. Ai ya faɗa. Sun makara da kwana uku, amma babba ba ya riƙe ƙananan abubuwa.

Mutum ɗaya ne ya fito daga motar, Alƙasim, da ƙunshin goro a hannu. Barmo ya ɗan ji babu daɗi da Darakta bai zo da kansa ba. Amma ya ga hikimar abin: an turo yaronsa ne don ya ji nauyi. Alƙasim ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa, ya ajiye goro. Kafin ya buɗe baki Kwamanda ya ɗaga hannu.

"Na san abin da ya kawo ka, Alƙasim. Kada ka wahalar da kanka. Na faɗa a buro, ina kuma faɗa gaban iyayena da dangina: ba na so! Me zan yi da dogon jirgi? Me zan yi da Yamai? Ni ɗan talakawa ne. A bar ni da tsohon jirgina, kusa da mutanena. Ko duniya za ta taru a nan, ba na so!"

Muryar ta yi rawa daidai inda aka shirya. Ya yi shiru, ya bar wurin da za a ce, don Allah, Kwamanda, ka dubi girman iyaye.

Alƙasim ya share ido da bakin riga.

"Wallahi, Kwamanda, haka Darakta ya ce za ka ce. Ni godiya na zo yi. An ba ni wurin. Jibi zan tashi zuwa koyo, na ce ba ni tafiya sai na zo na durƙusa gabanka. Samun babba irinka sai an tona." Ya juya wajen dattawa. "Iyayena, ku taya ni godiya. Da bakinsa ya ce a ba yara."

Ya zaro ambulan ya miƙa da hannu biyu. A ciki an rubuta cewa daga farkon wata Kwamanda Barmo da Mai Tari za su koma filin bayan Madawa, bisa ga abin da shi da kansa ya nema.

Wuri ya kaure da kabbara. Liman ya ce a zamanin nan ba a samun irin wannan zuciya. Rabo ya rasa kirarin da zai isa, sai ya yi ta maimaita na da. Iya ta leƙo daga zaure ta dubi ɗanta, ta koma. Daga bayan gida aka ji rago ya yi kukansa na ƙarshe.

"Madalla," in ji Gado. "Madawa kusa ta. Buhu nawa Mai Tari ka ɗauka, in an matsa?"

Kwamanda ya zauna da murmushi a fuska kamar an ɗaura masa shi da igiya. Da aka kawo nama, hankalin mutane ya koma kan akushi, ya yafuto Alƙasim, ya ja shi bayan zana inda ba mai ji. A karo na farko ba don alwala ba, ya cire tabarau.

"Akwai wani koyon bayan wannan?"

"Akwai, baɗi, in Allah ya kai mu. Sai dai wanda ya je a lokacin, ƙasan jeri zai shiga. Kujerar dama." Alƙasim ya sunkuyar da kai don kunya. "Kusa da ni."

Barmo ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya har ta koma kamar ta mai neman aron gishiri.

"Alƙasim, ɗana. In ka koma, ka ce wa Darakta ya sake tambayata. Sau ɗaya tak."

"Ai na roƙe shi, Kwamanda, tun kafin a ba ni. Na ce a ƙara tuntuɓarka. Ya ce a'a, shi ya san al'adar ƙasar nan sarai. Babban mutum irinka in ya yi magana sau biyu, a tambaye shi ta uku raini ne."